Launin Ƙafar Tsuntsu

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ni da Alhaji mun gaji tun kafin a buɗe wasan. A Beijing ake yin sa, amma mu da ke Guangzhou mu muka sha zafinsa. Biza ta yi wuya. A da, in kwanakinka suka kusa ƙarewa, sai ka tsallaka Hong Kong ko Macau ka dawo da sabon hatimi. A wannan daminar aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Lungunan Dengfeng, unguwar da muke zaune, suka fara yin fili. Gidan abincin da muke cin tuwon shinkafa a saman bene ya rufe, mai shi, wani ɗan Kumasi, ya kwashe tukwanensa ya tafi. Ko burodi za ka sayo, sai da fasfo a aljihun gaba.

Alhaji abokin cinikina ne, ba ubangidana ba. Ni ban gaji kasuwa a wurin kowa ba, da tocila da batir a kan faranti na fara a Kano. Shi Badamagare ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya daɗe a Kantin Kwari yana harkar shadda da leshi. A jirgi muka haɗu, muka ga ɗaki ɗaya da kwantena ɗaya sun fi mana sauƙi. Shi yana zaɓen yadi, ni ina kula da kayan wuta da lodi da rigimar masu sito. Tunda ni Bakano ne shi Badamagare, wasa ne tsakaninmu tun ranar farko. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai "bawana", ni ma da shi nake mayar masa. Duk abin da ya zo bakina faɗa masa nake, ya yi dariya ya rama. Illar irin wannan zama ita ce, ranar da kake da magana ta gaske, sai ka rasa muryar faɗarta.

Mutumin da ke nema mana takardun zama ya ce bana mutum ɗaya kawai zai iya tsaya wa. Mu yanke shawara, mu kai masa fasfo ɗaya ranar Litinin. Ba mu yi gardama ba. Yadi ne ke riƙe da kwantenarmu, yadi kuwa aikin ido ne, idon kuma na Alhaji ne. Shi zai zauna, ni in koma gida kafin azumi.

Ban ɓoye murnata ba. Na daɗe ban yi azumi a gida ba. Ina da 'ya da ta fara tafiya ba na nan, in aka kara mata waya a kunne sai ta yi shiru, ina jin numfashinta kawai. Na sayi tsaraba, na ɗaure jaka, na ajiye ta a bayan ƙofa inda zan riƙa ganin ta.

Akwai abubuwan da nake gani game da Alhaji a watannin nan. Ya taɓa ɗaukar shadda shuɗiya mai duhu a matsayin baƙa, da na nuna masa ya ce fitilun shagunan China ne maƙaryata. In za mu tsallaka babban titin Huanshi Lu sai ya riƙe gwiwar hannuna, wai kada mota ta kwashe masa bawa ya yi asara. Wata safiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Na ce, "Makahon Damagaram, in sayo maka sanda?" Ya ce, "Ai kai ne sandar, me zan yi da ta biyu?" Muka yi dariya, na goge tebur. Maganar ta tsaya nan, don duk abin da aka faɗa da wasa, da wasa ake amsa shi.

Ana cikin haka wani abokin hulɗata ya bugo daga Kano yana neman madubin hangen nesa, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Ya ce mafarauta na tambaya, da masu duban wata. Na ce zan duba masa kafin in taso. Na samu wani shago a unguwar Liwan, can cikin wani lungu da ba a sayar da komai sai gilasai. Mai shagon tsoho ne siriri, rana ta ƙona masa wuya da hannuwa kamar manomi. Lawban muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a can. Ya fito mini da iri uku. Na kara ɗaya a ido na leƙa waje, ban ga komai ba sai bangon gidan da ke tsallaken lungu da rigar wani a kan igiya.

Ni ba na sayen abin da ban gwada ba. Tocila sai na kunna ta a duhu, rediyo sai na ji ta kama tasha. Na yi masa bayani da guntun Turanci da hannu cewa ina son wuri mai nisa. Ya nuna lungun ya ce, "Meyo," wato babu. Ya yi ɗan tunani, sai ya nuna kalanda, ya ɗora yatsa a kan Lahadi, ya yi alamar igiyar ruwa, ya kuma kaɗa hannuwa kamar fuka-fuki. Na fahimci ruwa, ban fahimci fuka-fukin ba.

Na ce wa Alhaji ya zo mu je, ko ba komai ya sha iska kafin in bar shi shi kaɗai a ɗaki.

Ya ce da ɗan Faransancinsa na Damagarawa, "Bon. Bakano ya je teku ba mai tsaro? Sai ka ɗebo ruwan a jarka ka ce za ka sayar a Kurmi."

Lawban ya ɗauke mu da safe a wata 'yar motar kaya mai warin kifi da man inji. Muka yi ta yin kudu. Benaye suka ƙare, masana'antu suka karɓa, su ma suka ƙare, sai gonakin ayaba da kududdufan kiwon kifi. Zafin ƙarshen watan Agusta a can ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufa masa tawul mai ɗumi. Na yi gyangyaɗi, na farka, har yanzu muna tafiya. A ƙarshe hanya ta ƙare a gindin wani ɗan tudu mai duwatsu da ya kutsa cikin ruwa, a inda kogi ke zuba cikin teku.

Da muka fito, Lawban ya dubi Alhaji daga sama har ƙasa ya kama kai. Alhaji ya sha farar shadda mai sheƙi, ta sha guga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Lawban ya buɗe bayan mota ya zaro wata tsohuwar rigar ruwa mai launin ganye, ya miƙa masa. Ya nuna farar rigar, ya nuna bakin ruwa, ya kaɗa hannuwa: za su tashi.

"Su wa za su tashi?" in ji Alhaji.

Na ce, "Tsuntsaye, ina ji. Sun ji labarin Damagarawa da tarko."

"Wannan tsumman zan ɗora a kan shaddata? A zafin nan?"

Ya saka dai, yana mita. Muka bi wata siririyar hanya zuwa ƙarshen tudun, hannunsa a gwiwar hannuna. Lawban ya zaunar da mu a bayan wani dutse, ya ɗora yatsa a leɓe, ya kuma danne hannuna da na ɗaga zan yi nuni. Ba a magana da ƙarfi, ba a nuni, ba a miƙewa tsaye.

A gabanmu ruwa ya janye ya bar fili na laka mai faɗin gaske, baƙa, tana ƙyalli. Can nesa manyan jiragen ruwa na wucewa da kwantenoni a jere, wataƙila har da tamu. Da ido ban ga komai a kan lakar ba sai ɗige-ɗige kamar an watsa tsakuwa. Na ɗaga madubi na murza, sai tsakuwar ta zama tsuntsaye. Suna da yawa. Wasu ƙanana kamar 'yan tsaki, suna gudu suna tsayawa. Wasu dogayen ƙafa da dogon baki, suna caka shi cikin laka ba ɗaga kai. Akwai wani babba mai lanƙwasasshen baki kamar lauje. A gefe ga farare irin balbelarmu, da zalɓe guda a tsaye shi kaɗai. Waɗannan biyun kawai na san sunansu.

Lawban ya yi mana bayani da raɗa da hannu. Ya nuna arewa, ya rungume jikinsa yana karkarwa: daga ƙasar sanyi suka fito. Ya nuna kudu, ya miƙa hannu iya tsawonsa: can za su, da nisa. Ya nuna lakar, ya kai yatsu baki: nan suke yada zango su ci. Sai ya tsuke kumatunsa ya shafa haƙarƙarinsa. Na duba da kyau, na ga gaskiyarsa. Wasunsu a rame suke, gashinsu ya yamutse, cin da suke yi ba na marmari ba ne. Na gane dalilin rigar ruwan. In ka tashe su, ƙarfin da suka tara na tafiya ne ka sa suka ƙone a banza. Ina yaro an sha tura ni korar tsuntsaye a gonar dawa da gwangwani, ban taɓa tunanin akwai inda babba zai zauna yana lallaɓa su ba.

Lawban ya nuna agogonsa, ya nuna bakin ruwa. Ruwan na dawowa a hankali, yana cin lakar, yana turo tsuntsayen wajenmu. Ba ka bin su, zama kake su zo. Wannan na fahimce shi sarai, don haka ake zaman shago.

Sai ya koya mini gwajin. Ya taɓa ƙafarsa, ya nuna tsuntsu, ya ce da Turanci, launi. Madubi mai kyau zai nuna maka launin ƙafar tsuntsu daga nan. Maras kyau zai nuna maka tsuntsu, amma ƙafa sai ta zama zare baƙi. Na gwada na farko, zare baƙi. Na biyu ya ɗan fi, amma gefensa na yin bakan gizo. Na uku kuwa sai ga ƙafafu ja wur suna taka laka.

Na ce, "Ja ce."

Alhaji na riƙe da irin wannan na ukun, Lawban ya ba shi nasa. Ya ce, "Ja? Haka Kanawa ke sayen yadi, shi ya sa kuke kama da tutar makaranta. Wannan ai ruwan goro ce, ta ɗan ja wajen gwiwa."

Lawban bai ji Hausa ba, amma ya ga yadda Alhaji ke magana da isa, ya ɗaga masa babban yatsa. Ya nuna wani tsuntsun daban, mai ɗan tsawo, ya ce da Alhaji, launi?

Na ga ƙafar. Koriya-koriya ce, mai hasken toka. Na buɗe baki zan faɗa, sai na rufe. Na jira.

Alhaji ya murza madubi, ya sake murzawa. Ya ce, "Bawana, faɗi naka tukuna in gyara maka."

Na ce, "Kai ne mai ido. Faɗi."

"Ita ma ruwan goron ce, sai dai ta fi duhu."

Na mayar da ido kan lakar. Wani kwalekwalen masunta ya zagayo ta bayan tudu, injinsa na ƙara, iska kuma na kaɗawa daga bayanmu. Garken da ke gabanmu ya tashi gaba ɗaya, ya juya a sama, fari, baƙi, fari, ya yi gabas ya sauka can inda ido ba ya kaiwa. Lawban ya yi tsaki. Laka ta zama wayam, sai sawun ƙafafu da ruwa ke cikewa.

Alhaji bai sauke madubi ba. Yana nan ya saita shi a inda suke a da.

Ya ce, "Dubi wancan na gaban, sai ci kamar Bakano a gidan biki. Ko ɗaga kai ba ya yi."

Lawban ya dubi lakar, ya dubi Alhaji, ya dube ni. Sai ya tattara kayansa a hankali, ya nuna wani dutse can gefe, ya koma can ya ba mu baya.

Na zauna ina kallon ruwa. Ni mutum ne mai lissafin abu kafin in taɓa shi, kuma lissafin nan ba shi da wuya. In na yi shiru, gobe fasfon Alhaji za a kai, ni in hau jirgi, in sha ruwa da kunun tsamiya a tsakar gidana. Shi kuma ya zauna a Dengfeng, ya tsallaka Huanshi Lu ba gwiwar hannun da zai riƙe, ya shiga kasuwar yadi ya zaɓi kaya da ƙwaƙwalwa. In na yi magana, jakar da ke bayan ƙofa sai an kwance ta. Na ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa. Har haushinsa na ji, ba zan ɓoye ba.

Azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan gora, na duba alƙibla, na juya Alhaji da kafaɗa kamar yadda na saba yi ba tare da na tambayi kaina dalili ba. Ya ja mu salla a kan dutse, da rigar ruwan a jikinsa. Da muka sallame ya fara laluben takalminsa.

Na ce, "Yaya."

Hannunsa ya tsaya. Tunda muke ban taɓa kiransa haka ba.

"Yaya, tsuntsayen nan sun tashi tun ɗazu. Tun wucewar kwalekwale. Kuma ƙafar na biyun koriya ce."

Ya cire hularsa ya share gumi ya mayar.

Ya ce, "Madubin ne ba shi da kyau."

"Iri ɗaya ne da nawa."

"To idon Bakano ne ke ƙara gishiri."

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"Na sani," in ji shi. "Tunda ka ce Yaya na sani."

Ya gyara zama ya jingina da dutse. Ya ce abin ya fara kamar hayaƙi a gefe, yanzu kamar yana kallon duniya ta cikin ruwan wankin shinkafa. Idon dama ya tafi kusan duka, na hagu na ɗan taimakawa da safe. Yadi kuwa da yatsu yake gane shi yanzu, da kuma abin da mai shago ya faɗa, da abin da na faɗa in ya tsokane ni na yi magana.

Na ce, "Shi ya sa kullum sai ka ce in fara faɗi."

"To da me kake tsammani? Ra'ayinka nake so?"

Na yi dariya ba don ina so ba. Na ce me ya hana shi gaya mini.

"In gaya maka ka yi me? Ka fasa tafiya? Ina jin ka kana buɗe jakar nan kana rufewa kamar amarya. Kuma mai shadda in ba ido, mene ne shi a Kwari? Sai a ajiye mini kujera a bakin shago ina amsa gaisuwa."

"A gida akwai likitocin ido. Wataƙila yanar ido ce kawai, a cire."

"Wataƙila."

"Fasfona za a kai gobe."

"Kai? Kai za ka zaɓi leshi? Wallahi sai matan Kano sun yi zanga-zanga."

"Su yi. Ka koya mini abin da za ka iya kafin ka tashi, sauran in yi ta waya."

Ya miƙo mini madubin Lawban. Ya ce, "Bon. Sun dawo?"

Na duba. Ruwa ya kusa cinye lakar, saura wani ɗan tsiri a gindin tudunmu, kuma sun fara dawowa kansa kaɗan-kaɗan, don ba su da wani wurin. Yanzu sun matso sosai.

Ya ce, "Faɗa mini. Kada ka ƙara, kada ka rage, ka san halinku."

Na faɗa masa. Na ce ga masu jar ƙafa sun jeru a bakin ruwa, ga mai koren yana tafiya cikin ruwa har gwiwa. Ga mai bakin lauje ya zaro wani abu kamar ƙaguwa yana wanke ta kafin ya haɗiye. Ga wani ƙarami ya tsaya da ƙafa ɗaya ya cusa kai a baya, barci yake a tsakiyar hayaniya. Ya tambaye ni bayansu wane launi ne. Na ce ruwan ƙasa. Ya ce ruwan ƙasa iri nawa ne a duniya, in duba da kyau. Na duba, na ce ruwan ƙasa mai ratsin toka, gefen kowane gashi da ɗan fari kamar an yi masa dajiya. Ya ce to, yanzu na fara magana kamar mutum. Nan ya fara koya mini yadi, a kan dutsen nan, da bayan tsuntsu.

Lawban ya dawo da ruwa ya rufe lakar duka. A hanyar komawa mota shi ya riƙe ɗaya hannun Alhaji a inda duwatsu ke da santsi. Alhaji ya ce masa sheshe, wato na gode, ya cire rigar ruwan ya ninke ta da kyau kamar sabuwar shadda ya miƙa masa.

Washegari na kai fasfona. Jakar bayan ƙofa ban kwance ta ba, Alhaji ne ya tafi da ita ya kai gidana da kansa. Matata ta ce ya zauna a zaure ya ɗora yarinyar a cinya, ya gaya mata ubanta bawansa ne, ya bar shi gadin kaya. Na sayi madubin na uku, kaɗan, don abokin hulɗar tawa ma bai san iya masu so ba. Na riƙe ɗaya.

Azumin nan ni kaɗai na yi shi a ɗaki, ina shan ruwa da dabino da taliyar leda. Da rana ina yawo a kasuwar yadi da ƙishirwa, ina fito da kowane bandir bakin ƙofa in duba shi a hasken rana kamar yadda ya ce, masu shago na tsaki. Na koma bakin tekun sau ɗaya tare da Lawban kafin salla. Tsuntsayen da muka gani sun wuce, wasu ne suka zo, su ma a rame. Na zauna a bayan dutsen har barci ya ɗauke ni.

An yi wa Alhaji aikin ido a Kano. Na hagu ya dawo, na dama bai dawo ba. Bai sake zuwa Guangzhou ba, ni kuma zaman da na ɗauka na 'yan watanni ne ya zama na shekaru. Da kwantenar farko da na zaɓa ni kaɗai ta isa Kwari, ya bugo mini waya ina tsakiyar lodi a sito, gumi na zuba.

Ya ce, "Bawana, wannan shuɗin da ka turo, na makarantar firamare ne ko na gidan yari?"

Na ce, "Ka gan shi ke nan."

"Na gan shi mana. Da ban gani ba da ya fi mini kwanciyar hankali."

Na ce to ya sayar da shi haka, na kashe waya, na koma kan lodi.